Keken hawa ya lanƙwashe, keken ɗinki ya tsaya: in sa hannu ko in nemi lauya?

Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne, shekaruna 34, ina da mata da yara uku. Keke biyu ne ke riƙe da gidana: na hawa da ke kai ni shago, da na ɗinki da ke ciyar da mu. Yau kwana 26 ke nan da duka biyun suka tsaya.

Da safe ne, ina tafe a gefen titi kusa da motocin da aka ajiye, sai kawai wani ya banko ƙofar motarsa a gabana. Ko birki ban samu kamawa ba. Na daki ƙofar, na tashi sama, na sauko a kan tafin hannuna na dama, kaina ya bugi kwalta. Tsakani da Allah mutumin bai gudu ba. Shi ya kai ni asibiti, ya biya kuɗin kati da hoto da magani. Aka ce babu karaya, targaɗe ne. Bayan mako biyu ciwon ya ƙi sauka, na koma aka sake hoto, sai ga tsagewa a wani ɗan ƙashi a gindin babban yatsa. Yanzu hannun yana cikin filasta, likita ya ce sai nan da mako shida zai san ko ya haɗe ko sai an yi aiki.

Shekaranjiya mai motar ya zo gida da yayansa, da takarda da ambulan. Abin da ke cikin ambulan ɗin bai wuce abin da nake samu a mako uku ba, sai ɗan ƙari na gyaran keke. Takardar ta ce na karɓi haƙƙina gaba ɗaya, ba ni da sauran magana da shi ko da kamfanin inshorarsa har abada. Yayan ya ce ai ni ma da laifina, tunda ba ni da hular kwano kuma na matse wa motoci. Na ce su ba ni mako guda.

Kawuna ya ce in karɓa in yafe, tsautsayi ne, kuma mutumin ya nuna halin kirki. Matata ta ce in nemi lauya. Ni kuwa ban taɓa taka ofishin lauya ba, ba ni da kuɗinsa, kuma ina jin nauyin in maka wanda ya ɗauke ni daga kan titi a kotu. Ga kayan mutane jibge a shago, ga kai da ke ɗan sara mini da yamma. Mene ne abin yi?

Tela mai hannu ɗaya

Wa alaikumus salam, Malam Tela. Sannu da jiki. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Kafin mu je ga takarda da ambulan, bari in koma kan abin da ka jefa a ƙarshen wasiƙarka kamar ba komai ba, wato kan da ke sara maka. Ka ce ya bugi kwalta, ga shi an doshi wata guda bai daina ba. Gobe ka koma wurin likita ka faɗa masa da bakinka, ka kuma tabbata ya rubuta a fayil ɗinka. Yawancin irin wannan ciwon kai yakan lafa da kansa, amma akwai jinin da kan taru a hankali a cikin ƙoƙon kai, ba ya tona kansa sai bayan makonni. In amai ya zo, ko jiri, ko barci mai nauyi da ba ka saba ba, ko ka soma ganin abu bibbiyu, ko ɓarin jiki ɗaya ya yi maka sanyi, ko matarka ta ji maganarka tana sarƙewa, to ba a jiran wayewar gari, a lokacin za ku tafi. Lafiyarka ce gaba. Bayan ita kuma, ciwon da ba a rubuta a asibiti ba, a wurin kamfanin inshora da kotu tamkar bai faru ba ne.

Takarda kuwa, kada ka sa mata hannu. Ko da na hagu, ko da dangwale.

Ban ce mai motar mugu ba ne, kuma zan dawo kansa. Dalilina yana cikin wasiƙarka. Likitan da ya ɗaga hoton ƙashinka ya duba da idonsa ya ce bai sani ba tukuna, sai nan da mako shida. To abin da likita bai sani ba, ina yayan mai mota ya san kuɗinsa har ya ƙirga ya zuba a ambulan?

Yadda ka faɗi a kan tafin hannu, da wurin da ka kwatanta, da yadda hoton farko ya fito tas, duk sun yi kama da halin wani ɗan ƙashi da likitoci ke kira sikafoyid. Ka tambayi likitanka ko shi ne. Ƙananan ƙasusuwa takwas ne a wuyan hannu, jeri biyu, kuma wannan ya fi sauran yawan karyewa. Miƙe babban yatsanka na hagu sama ka dubi bayan hannun, za ka ga ɗan rami tsakanin jijiyoyi a gindin yatsan. A ƙarƙashin ramin nan yake kwance, bai wuce tsawon gaɓar yatsa ɗaya ba. Ƙanƙantarsa kada ta ruɗe ka. Yakan ɓoye tsagewarsa a hoton farko, shi ya sa ake sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14, kamar yadda ya faru da kai. Sannan jinin da ke ciyar da shi ta ɓangaren yatsu yake shigowa ya gangara baya, saboda haka in ya tsage a tsakiya, rabin da ke wajen damtse na iya rasa jini. Wannan ne ke sa ya yi nawar haɗewa. Ana iya shafe mako 6 zuwa 12 cikin filasta, wani lokaci kuma ya ƙi haɗewa sam, sai an yi aiki an ɗaure shi da ɗan ƙarfe mai zare, har a kan ɗebo ƙashi daga wani wuri a cike. Wanda aka bari bai haɗe ba yakan dawo bayan shekaru da amosanin gaɓa, hannu ya sandare. Ina fata naka ya haɗe salin alin, kuma da yawa suna haɗewa. Amma yau babu wanda zai iya rantse maka.

Da na gama karanta wasiƙarka sai da na ɗauko almakashi da wani tsohon ƙyalle, na naɗe babban yatsana cikin tafi na gwada yanka. Ƙyallen ya riƙa shigewa tsakanin bakin almakashin yana lanƙwashewa, ko rabin kamu ban ci ba na haƙura. Wani mai sana'ar zai lallaɓa da irin wannan hannu ya ci abinci. Kai kuwa da yatsan nan kake yanka, da shi kake zura zare, da shi kake danne kalmasa a ƙarƙashin allura. Jarinka ne ake son ka yi wa kuɗi kafin a san ko zai dawo.

Irin takardar da aka kawo maka ƙofa ce da ke rufewa ta baya. In ka sa hannu yau, bayan wata biyu likita ya ce sai aiki, kuɗin aikin naka ne, watannin zaman gida naka ne, hayar shagon da babu ɗinki a ciki taka ce. Kotu takan warware irin wannan yarjejeniya in an tabbatar da yaudara ko tilas, amma hawan dutse ne, kuma "ban san ciwon zai kai haka ba" da wuya ta wadatar. A Faransa akwai dokar 1985 da ake kira da sunan ministan shari'a na lokacin, Robert Badinter. Ta wajabta wa kamfanin inshora ya miƙa wa wanda mota ta ji wa ciwo tayin diyya cikin wata 8. In jikin bai gama nuna inda zai tsaya ba, tayin na wucin gadi ne, na ƙarshe sai likitoci sun ce raunin ya tsaya. Ko bayan mutum ya sa hannu, yana da kwana 15 da zai iya janyewa. Masu wannan doka sun san halin mai jinya da aikinsa ya tsaya: duk abin da aka miƙo masa zai sa wa hannu. Ba kowace ƙasa ke da wannan kariyar ba, saboda haka kai za ka yi wa kanka ita.

Na san gidan yana bukatar kuɗi yau, ba bayan mako shida ba. Akwai hanya. Ana karɓar wani abu a matsayin somin biya, a rubuta a rasit ƙarara cewa ɓangare ne na kuɗin jinya, maganar diyya tana nan buɗe, kowa ya riƙe kwafi. Kamfanonin inshora ma sukan yi irin wannan biyan kafin a kammala lissafi, musamman in laifin a bayyane yake. In mai motar da niyyar taimako ya zo, wannan ba zai dame shi ba. In kuwa aka ce ambulan ba ya tsayawa sai da waccan takardar, ka gane abin da aka zo saye.

Kalmar da ta fi tsaya mini a takardar ita ce "kamfanin inshorarsa". Ashe dai akwai inshora. A mafi yawan ƙasashen duniya doka ba ta yarda mota ta hau titi ba sai da inshorar da ke biyan wanda motar ta cutar. Mai mota shi ne na ɗaya, kamfani na biyu, kai ne na ukun da aka yi tsarin dominsa. Duk shekara mutumin nan yana zuba wa kamfanin kuɗi saboda rana irin wannan, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Nauyin da kake ji na taɓa aljihun wanda ya ɗauke ka daga titi, ka sauke rabinsa, domin in inshorar tana raye, akasarin kuɗin daga kamfani zai fito. Kada kuma a ce maka ai motar a tsaye take, inshora ba ta shiga. An kai irin wannan gardama gaban kotun Tarayyar Turai, a 2018 ta yanke cewa buɗe ƙofar motar da aka ajiye yana cikin amfani da mota. Lauya zai gaya maka yadda kotunan inda kake suke kallon abin.

Shi kansa mai motar, da ya sani, wannan sulhun na bayan fage ba alherinsa ba ne. Yawancin takardun inshora suna sharɗanta wa mai mota ya sanar da kamfani haɗari da wuri, kada kuma ya yi sulhu da kansa ba da saninsu ba. Me ya hana shi kai musu? Wataƙila tsoron a ƙara masa kuɗin baɗi, wataƙila inshorar ta ƙare bai sabunta ba, wataƙila rashin sani ne kawai, wanda ya fi dare duhu. In ta tabbata babu inshora, haƙƙinka bai faɗi ba, yana wuyansa. In kuma a bakin aikin wani yake lokacin, mai aikin ma yana iya shiga ciki. Wasu ƙasashe suna da asusu na musamman don waɗanda mota marar inshora ta buge ko direban ya tsere. Birtaniya ta kafa nata tun 1946, Faransa a 1951. Wannan ma tambaya ce ta lauya.

Sai maganar yayansa, cewa kai ma da laifinka. Tun 1968, yarjejeniyar Biyana kan zirga-zirgar titi, wadda ƙasashe da yawa suka ɗora dokokinsu a kanta, ta faɗa a sashe na 24 cewa haramun ne mutum ya buɗe ƙofar mota, ko ya bar ta a buɗe, ko ya fito, ba tare da ya tabbatar hakan ba zai jefa wasu cikin haɗari ba. Dubawa aikin mai buɗewa ne. Har dabara ake koya wa direbobi a kan haka, wadda ake dangantawa da mutanen Holan: ka buɗe ƙofa da hannun da ya fi nisa da ita, dole jikinka ya juya idonka ya ga baya. Birtaniya ta sa ta cikin littafin dokokin hanyarta a 2022.

Hular kwano kai take karewa. Da ka sa guda biyu ma, wuyan hannunka sai ya karye, kuma doka tana tambaya ne ko abin da ka bari shi ya jawo raunin ko ya ƙara shi. A kan hannu, hula ba ta da ta cewa. A kan ciwon kai kuwa, ba zan ɓoye maka ba, za su iya tayar da ita, kuma tana iya rage wani abu daga wannan ɓangaren. Matse wa motoci kuma, gaskiya ne ana shawartar mai keke ya bar faɗin ƙofa tsakaninsa da motar da aka ajiye, amma duk wanda ya taɓa tuƙa keke a titi mai cunkoso ya san motocin da ke tafiya su ke tura shi can. Ko da an ce kana da kaso a laifin, a mafi yawan wurare rage diyya ake yi gwargwadon kason. Ingila ta koma wannan tsari tun 1945. A Holan, babban mutum mai keke da mota ta buge yana samun aƙalla rabin asararsa ko da ya yi kuskure, yaro ƙasa da shekara 14 kuwa duka. Akwai ƴan jihohi a Amurka, irin su Alabama da Bajiniya, da har yanzu ɗan laifi kaɗan kan iya hana mutum komai. Saboda haka kalmar "ni ma da laifina" kada ta fito daga bakinka don kara, balle a rubuce ko a saƙon waya. Ban ce ka yi ƙarya ba. Faɗi abin da ya faru yadda ya faru, ka bar rabon laifi ga masu wannan aikin.

Abin da ya fi damuna shi ne kwana 26 ɗin nan, domin shaida tana gudu. Kyamarorin tsaro na shaguna da gidaje sukan goge abin da suka ɗauka cikin kwanaki ko ƴan makonni, amma duk da haka a tura wani ya tambaya a layin, ko Allah zai sa a dace. Mai shagon da ya fito da gudu, da wanda ya ɗaga kekenka daga kwalta, a nemo su a karɓi lambobinsu tun ba su manta ba, ganau ya fi jiyau. Keken kada a gyara, kada a sayar wa ƴan gwangwan. Tayar gaban da ta lanƙwashe, da fentin motar da ya goge a jikinsa, suna ba da labarin da babu mai ƙaryatawa. A ɗauke shi hoto ta kowane gefe a jingine shi a ɗaki. Lambar motar, saƙonnin da kuka yi da mai ita, rasit ɗin da ya biya ranar farko, duk a adana. A asibiti ka nemi kwafin bayanan ziyara biyun da hotuna biyun, saboda wata rana wani zai ce ai hoton farko babu karaya, a wani wurin ka karye. Rahoton likita ne zai rufe wannan bakin. In ba a kai wa ƴan sanda rahoto ba, ka kai yanzu, ka karɓi lamba ko kwafi. Kai rahoto ba ya nufin kana son a ɗaure kowa. Hukunta direba tsakaninsa da hukuma ne, biyan asararka magana ce dabam, amma kamfanin inshora kusan kullum sai ya tambayi takardar ƴan sanda. Daren yau kuma ka zauna ka faɗa, matarka ta rubuta: ƙarfe nawa, ta wane gefe, me ka gani, me mutumin ya fara cewa da ya fito.

Daga nan sai lissafi, kuma a nan masu sana'ar hannu suka fi cutuwa, saboda ba su da takardar albashi. Kai kana da abin da ya kusa kai ta: littafin da kake rubuta awo da kafin alƙalami. Ɗauko na wata 6 zuwa 12 da suka wuce, a fitar da abin da ke shigowa a mako, har da lokacin da aiki ya fi yawa in jinyar za ta ci shi. Ka buɗe sabon littafi daga ranar haɗarin. Wanda ya zo ya karɓe yadinsa ka mayar masa da kuɗinsa, rubuta. Ɗinkin da ka ba wani tela ya ƙarasa ka biya shi, rubuta. Kuɗin mota zuwa asibiti tunda babu keke, magani, hayar shago, yaran shagon da kake sallama ba aiki, ranakun da matarka ta bar nata aikin ta raka ka, duk rubuta, rasit kuma a zuba a leda ɗaya. Wannan shi ne ɓangaren da ake ƙirgawa. Akwai wanda ake ƙiyastawa: zafin ciwo, barcin da ka rasa, da abin da hannun zai rage maka nan gaba in bai koma daidai ba. Wannan na biyun sau da yawa shi ya fi nauyi, kuma ba ya fitowa sai likita ya yi maganarsa ta ƙarshe. In ka haɗa ko na farkon kaɗai ka ajiye kusa da ambulan ɗin, ba sai na ƙara cewa komai ba.

Kada ka ƙara ko kwabo a kan gaskiya. Ƙarya ɗaya in aka kama ta, sai ta shafa wa sauran lissafin baƙin fenti. Sannan na san abin da ke ranka duk lokacin da ka tuna kayan mutane: ka ɗan sassauta filastar ka hau keken ɗinki ka rage. Kul. Ƙashin da ke neman haɗewa motsi ne maƙiyinsa, kuma doka tana sa ran mai rauni ya bi umarnin likita, ya je gashin ƙashi in an tura shi. Wanda ya ƙara wa kansa ciwo, ba a biyansa ƙarin. Hoto ɗaya a Facebook kana kan keken ɗinki ya isa a ce lafiyarka ƙalau.

Matarka ta yi gaskiya a kan lauya, ka kuma gaya mata haka. Ganin lauya dabam, shiga kotu dabam. Mafi yawan maganganun diyyar haɗari a kan tebur suke ƙarewa, da wasiƙu da rahoton likita da ciniki, alƙali bai ma san an yi ba. Ka nemi wanda aikinsa ke nan, raunin haɗari da inshora, domin lauyan filaye ko na aure ba lallai ya san hanyar ba. Batun kuɗi kuma, lauyoyi da yawa a wannan fanni ba sa karɓar komai sai an ci, su ɗauki kaso. A Amurka kason yakan kai wajen kashi ɗaya cikin uku, a Ingila doka ta ƙayyade ladan nasara kada ya wuce kashi 25 cikin 100 na wasu sassan diyyar, wasu ƙasashen kuma sun taƙaita tsarin ko sun hana. Akwai hukumomin ba da lauya kyauta ga marasa hali, da ƙungiyoyin lauyoyi, da tsangayoyin shari'a na jami'o'i masu zaman ba da shawara. In kana cikin ƙungiyar teloli, tambaye su wa suka sani.

Ranar da ka zauna gabansa, kada kunya ta rufe maka baki. Kason nawa ne, kuma kafin a cire kuɗin ɗawainiya ne ko bayan an cire? Wa zai biya rahoton likita? In ba a ci ba, me zai hau kaina? A rubuta amsoshin, ka tafi da takardar gida wani ya karanta maka a tsanake. Lauyan da ya faɗa maka adadin da za ka samu tun bai ga fayil ɗin asibiti ba, shi da yayan mai mota jirgi ɗaya ya kwaso su. Haka ƴan kamashon da ke shawagi a asibitoci suna raba kati. Ma'aikacin kamfanin inshora kuma, in ya kira da murya mai daɗi, ka amsa da ladabi, amma ka san albashinsa daga kamfanin yake fitowa. Bayani mai tsawo ko wanda za a naɗa, ka ce sai ka yi shawara.

Tambayar da za ka fara yi wa lauyan ita ce wa'adi. Kowace ƙasa tana da lokacin da in ya wuce ƙofar ƙara ta rufe, kome gaskiyarka. A Sifen shekara 1 ce, a Kalifoniya 2, a Ingila 3, a Faransa 10 daga ranar da raunin ya tsaya. In motar hukuma ce abin yakan gajarce ƙwarai, a birnin Niyok kwana 90 ne kacal na miƙa sanarwa. Kuma a wurare da yawa zaman sulhu da "za mu duba" ba sa tsayar da wannan agogon. Shi ne wa'adin da za ka ji tsoro. Mako gudan da ka ɗiba wa baƙinka kai ka yanka shi, kai kuma za ka iya ƙara shi.

Kawunka bai faɗi abin banza ba. Tsautsayi ne, babu wanda ya ce mutumin ya fito gida da niyyar karya ka, kuma ɗaukar ka da ya yi abin godiya ne. Sai dai diyya ba ta tambayar niyya, sakaci take tambaya, kuma mutumin kirki ma yakan yi sakaci na daƙiƙa ɗaya. Kana iya cire shi daga ranka tun yau, ku gaisa, ku yi zumunci, ba tare da ka ɗauke wa kamfanin inshora nauyinsa ba. In kuma ya zamana daga aljihunsa ne, kuma ka ga ba shi da hali, kana da ikon ka sassauta ko ka bar masa, amma bayan ka san girman abin da kake bari, kuma bayan ka yi shawara da wadda za ta ɗauki rabin wahalar, domin abincin yara uku yana cikin lissafin. Kada ka yi gardama da kawu. Roƙe shi ya raka ka asibiti ranar komawa, ya ji bayanin ƙashin daga bakin likita. Dattijo in ya ji da kunnensa, sau da yawa shi ke komawa gaba wajen neman haƙƙin.

Ranar da suka dawo, ka tarbe su da fuska, ka sa kawu ya zauna. Ka dubi mai motar, ba yayansa ba, ka ce masa: "Malam, abin da ka yi mini ranar nan ban manta ba, kuma ba ni da niyyar tozarta ka. Amma likita bai gama magana ba, ni ma ba zan rufe tawa ba sai ya gama. Ka taimake ni da sunan kamfanin inshorarka da lambar takardar inshorar, ka kuma sanar da su, don kada nauyin ya faɗo kanka kai kaɗai." Ka miƙa masa biro da takarda ya rubuta a nan take. Ambulan ɗin, in sun yarda a rubuta shi a matsayin somin biya, karɓi. In sun ƙi, su koma da abinsu. Takardar da suka zo da ita kuwa, ka ce su bar maka ita, in sun hana a ɗauke ta hoto da waya gaba da baya. Ita za ka fara ajiyewa a teburin lauya, tare da hotunan ƙashin nan biyu da littafin awonka.